Babi na Shida: Labarin da Ya Kamata Ya Riga Yaro Isa Makaranta

A Ingila da Wales, idan aka kira 'yan sanda wani gida da dare saboda miji ya lakaɗa wa matarsa duka, ko ya yi mata barazana, ko an farfasa kaya, suka kuma tarar akwai ɗan makaranta a gidan, ƙa'ida ita ce labarin ya riga yaron isa makaranta. Ba a taron malamai ake shelanta shi ba. Mutum guda aka ware a kowace makaranta aka ba shi horo, yawanci shugaban makarantar ko malamin da aka ɗora wa alhakin kare yara daga cutarwa. Shi 'yan sanda za su kira a waya, ko su aika masa saƙo ta kafar da ba kowa ke buɗe ta ba, tun kafin a shiga aji: jiya da dare mun je gidan su wane, ga abin da ya faru a taƙaice, yaron yana wurin ko yana ɗakinsa. Sunan tsarin Operation Encompass, kuma duka rundunonin 'yan sanda 43 na Ingila da Wales suna cikinsa.

Wanda ya ji wannan zai ce ai abu ne mai sauƙi, me ya hana a yi shi tun tuni? Tambayar da ta dami mata da mijin da suka ƙirƙiro shi ke nan. A lokacin Elisabeth Carney-Haworth shugabar makarantar ƙananan yara ce a garin Torpoint da ke yankin Cornwall, mijinta David kuma sajan ne na 'yan sanda. Ta ga halin wani ɗalibinta ya sauya ba tare da ta san dalili ba, sai bayan watanni ta samu labarin cewa an yi mummunan rikici a gidansu har 'yan sanda suka je. Ba wai 'yan sandan sun ɓoye ba ne. Sun rubuta rahoto, rahoton ya bi hanyar da rahotanni ke bi, daga wannan ofis zuwa wancan, kafin ya iso inda yaron yake wuni kullum ya zama ihu bayan hari. Shi mijin ya san abin da ake gani a gidaje da tsakar dare, ita matar ta san abin da ake gani a aji da safe, sai suka lura cewa babu gada tsakanin ayyukansu biyu. A 2011 aka fara gwada tsarin a wasu makarantu na birnin Plymouth.

Kafin mu je ga abin da makaranta ke yi da labarin, bari mu dubi yaron da ke shigowa ta ƙofa da safen nan. Bai yi barci ba, ko ya yi rabi da rabi. Wataƙila ya kwana rungume da ƙanwarsa yana toshe mata kunne. Wataƙila shi ya ɗauki waya ya kira 'yan sanda, yanzu kuma yana tunanin ko shi ya jawo aka tafi da babansa. Ba a dafa abin kari ba, rigar makaranta ba a wanke ba, aikin gida yana cikin jaka yadda aka ba shi. Jikinsa yana aji, hankalinsa yana gida wajen uwarsa: tana nan lafiya? Mutumin ya dawo? Malamin da bai san komai ba, abin da zai gani shi ne yaro ya makara, ba aikin gida, yana gyangyaɗi, an taɓa shi kaɗan ya kai wa ɗan'uwansa naushi. Sai ya hukunta shi, kuma a iya saninsa bai yi zalunci ba. Yaron da ya tsere wa tsawa a gida ya zo ya tarar da wata a makaranta, wurin da ya rage masa na samun natsuwa.

An daɗe ana ɗaukar irin wannan yaro a matsayin ɗan kallo, wai ai ba shi aka doka ba. Bincike ya rushe wannan zato. A 1998 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon wani babban nazari da ya shafi manya fiye da 17,000, inda aka tambaye su irin wahalhalun da suka sha suna yara, ciki har da ganin ana dukan mahaifiyarsu. Gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya tara a ƙuruciya, gwargwadon ƙaruwar haɗarin da yake ciki na ciwon zuciya, shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai bayan ya girma. A 2011 kuma masu bincike a jami'ar University College London suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran da suka tashi cikin tashin hankali a gida, ana nuna musu fuskokin mutane cikin fushi. Sassan ƙwaƙwalwar da ke hango haɗari sun zabura fiye da na sauran yara, irin zaburar da aka taɓa gani a ƙwaƙwalwar sojojin da suka je fagen daga. Yaron ya koyi karanta fuska da sautin taku da yadda aka turo ƙofa, domin a gidansu wannan ilimi ne na tsira. Sai dai ƙwaƙwalwar da ke gadi dare da rana ba ta da sararin haddace jadawalin lissafi.

To me malamin zai yi idan an gaya masa? A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimtar tsarin. Ba a gaya masa don ya kira yaro ofis ya yi masa tambayoyin ƙwaƙwaf ba, ba don ya kira uban ya yi masa wa'azi ba, ba kuma don ya shiga bincike ba, wannan aikin 'yan sanda ne da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Yawancin abin da ake so ya yi, yaron ma ba zai san an yi ba. A tare shi a ƙofa da fara'a. A tabbatar ya sa wani abu a cikinsa. Idan bai zo da rigar wasanni ba a ba shi aro ba tare da surutu ba. Kada a tambaye shi aikin gida yau. Idan akwai jarrabawa a duba ko za a ɗaga masa. Idan barci ya ci ƙarfinsa a samar masa inda zai ɗan miƙe. Idan hankalinsa ya ƙi kwanciya, a nemi hanyar da zai ji cewa mahaifiyarsa tana lafiya. In ya so yin magana, ga kunne, in bai so ba a ƙyale shi. Ƙananan abubuwa ne, babu wanda ya kai a kira shi magani. Amma yaron da ya ga babba guda ya tausaya masa ranar da ya fi bukata, shi ne zai iya buɗe baki wata rana ya faɗi abin da ba a taɓa kai wa 'yan sanda ba.

Abin da ya sa Birtaniya ta ɗauki batun musayar bayanai da zafi haka, gawarwakin yara ne suka koya mata. A 2000 Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 da aka kawo daga Kodebuwa, ta mutu a Landan a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayin matar, bayan asibitoci da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a duk sun gan ta. Rahoton Lord Laming na 2003 da dokar yara ta 2004 daga nan suka samo asali. Amma labarin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Daniel Pelka, ɗan shekara 4, wanda ya mutu a Coventry a watan Maris na 2012. Mahaifiyarsa da mutumin da take zaune da shi suka hana shi abinci, suka yi ta azabtar da shi har ya cika, nauyinsa bai kai kilo 11 ba. Kafin mutuwarsa 'yan sanda sun je gidajen da uwar ta zauna fiye da sau 20 saboda rikicin cikin gida, galibi da giya a ciki. Asibiti ya ga karayar hannunsa. Malamai sun gan shi yana ɗaukar abincin 'yan ajinsu, har yana tonon kwandon shara, sun ga tabo a jikinsa. Uwar ta ce musu ciwo ne yake da shi na rashin ƙoshi, aka yarda. Binciken da aka fitar a watan Satumba na 2013 ya nuna kowace hukuma tana riƙe da guntun labari, babu wadda ta haɗa guntayen, kuma babu shaidar cewa wani ma'aikaci ya zauna da yaron, wanda harshen gidansu na Poland ne, ya tambaye shi halin da yake ciki.

Babu mai iya rantsuwa cewa kiran waya ɗaya da ya ceci Daniel. Rai na Allah ne, kuma uwar gwanar yaudara ce. Amma malamar da ta san cewa 'yan sanda sun mai da gidan ɗalibinta wurin zuwa, da wuya ta karɓi zancen ciwon rashin ƙoshi hannu bibbiyu.

Sai batun sirri, wanda shi ne ƙashin bayan gardamar. Bature yana da kishin sirrinsa ta fuskar doka kamar yadda muke da namu ta fuskar kunya. Dokar kare bayanan mutane ta 2018 tana da tsauri, kuma ma'aikata da yawa sun riƙa fakewa da irinta, wasu don tsoro na gaskiya, wasu don lalaci. Amma dokar ba ta hana a ba da bayani don kare yaro ba, kuma littafin ƙa'idojin da gwamnati ke raba wa makarantun Ingila ya faɗa ƙarara cewa tsoron musayar bayanai ba zai zama hujjar barin yaro cikin haɗari ba. Ba a neman iznin iyaye kafin a sanar da makaranta, domin neman izni daga wanda ake zargi wasa ne da hankali. Abin da ake yi shi ne makaranta ta sanar da duk iyaye tun farko, ta wasiƙa da shafinta na intanet, cewa tana cikin wannan tsari. Kowa ya sani, ba a yi wa kowa kwanton ɓauna ba.

Doka ta biyo baya a hankali. A 2015 aka mai da mallake abokin zama ta hanyar tsoratarwa da takurawa laifi a Ingila da Wales, ko da ba a ɗaga hannu ba. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta ce yaron da ya gani, ko ya ji, ko abin ya shafe shi, shi ma wanda aka zalunta ne a karan kansa. A shekarar ce kuma Ireland ta Arewa ta fara gwajin tsarin a yankin Downpatrick, kafin ta yaɗa shi ko'ina a 2023. A 2024 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta ɗora wa 'yan sandan Ingila da Wales wajibcin sanar da makaranta. Abin da malama da ɗan sanda suka fara a matsayin dabara ya zama tilas cikin shekara 13.

Amurkawa sun bi wata hanya da ta cancanci a duba. A 2013 aka fara wani shiri a wata makarantar firamare ta birnin Charleston a jihar West Virginia, mai suna Handle With Care. Ya fi na Ingila faɗi, domin ya haɗa da duk wani abin firgici da ɗan sanda ya tarar da yaro a ciki: harbi, samamen masu ƙwaya, kama uba ko uwa, haɗari. Amma ya fi shi rowar bayani. Sunan yaron kawai ake aika wa makaranta da umarnin a lallaɓa shi, ba a faɗin abin da ya faru. Wanne ya fi? A ganina ya danganta da bakin mutanen wurin. Tsarin Ingila yana ba malami abin da zai yi aiki da shi. Idan ya san uban ne aka kama jiya aka sake shi, zai yi hattara idan mutumin ya bayyana da rana yana cewa ya zo ɗaukar ɗansa. Na Amurka kuwa ya rufe ƙofar gulma tun daga tushe, abin da malami bai sani ba ba zai kai shi ɗakin shan shayi ba. A ƙaramin gari inda matar shugaban makaranta ƙawar 'yar'uwar mijin ce, ni na Amurka zan zaɓa.

Domin haɗarin yoyon labari ba ƙarami ba ne. Mai dukan matarsa babu abin da ya tsana kamar a sani. Idan ya ji cewa makaranta ta samu labari, kuma ya ji shi ta bakin da bai dace ba, matar ce za ta biya da jikinta a daren. Idan malami ya yi suɓutar baki a gaban aji, yaron ya shiga bakin 'yan'uwansa ke nan har ya bar makarantar. Akwai kuma malamin da zai ji labari ya yanke wa yaro hukunci a zuciyarsa, ya daina sa ran komai daga gare shi, wai ɗan gidan rikici ne. Tausayin da ya koma raini shi ma cuta ne. Mafi muni, akwai uwar da za ta ƙi kiran 'yan sanda gaba ɗaya don tsoron kada magana ta kai makaranta, daga nan ta kai ga hukumar da ke iya raba ta da 'ya'yanta. Wannan tsoro ya fi yawa a tsakanin baƙi, ciki har da 'yan Afirka mazauna can, musamman macen da takardar zamanta ke rataye da ta mijinta. Duk wanda ke yabon tsarin ba tare da ya ambaci wannan uwa ba, rabin labari ya bayar.

Ga kuma iyakar da tsarin ba ya iya tsallakewa. Sai an kira 'yan sanda yake motsi, alhali ƙididdigar hukuma a Ingila da Wales ta nuna cewa waɗanda ke kai ƙarar abokin zamansu ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran gidajen shiru ne, yaransu kuma suna zuwa aji kullum. Ɗan sanda na iya mance tambayar ko akwai yara, ko ya rubuta sunan makarantar da ba ita ba. Jariri da ɗan yaye ba su da malamin aji. Lokacin dogon hutu babu wanda za a tara a ƙofa. Da aka rufe makarantun Birtaniya a watan Maris na 2020 saboda korona, sai yara suka wuni suka kwana da waɗanda suke tsoro, idon malami kuma ya ɗauke. Saboda haka malamin kirki ba ya jiran waya. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yaron da ya fara fitsarin wando bayan ya daina, ko wanda ba ya son a tashi a koma gida, ya riga ya aiko da nasa saƙon.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai ce to mu ina ruwanmu, mu da ba ma kiran ɗan sanda tsakanin miji da mata? Gaskiya ne, kuma ba ina kira a kwafo tsarin Plymouth a dasa shi a makarantar da malami ɗaya ke fama da yara ɗari ba. Najeriya tana da dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, amma doka a takarda daban, isarta ɗakin da ake duka daban. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa kusan yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma 'yan ƙalilan ne suka samu taimako. Abin da ya haɗa mu da Ingila ta kafin 2011 shi ne giɓin nan. A wurinmu ma akwai waɗanda ke sanin abin da ya faru da dare: maƙwabcin da ya shiga rabo, waliyyi, liman, mai unguwa, a wasu jihohin har da Hisbah. Za a zauna, a yi nasiha, a ce wa matar ta yi haƙuri, a ce wa mijin ya ji tsoron Allah, a shafa fatiha. A duk zaman nan da wuya ka ji an tambayi inda yaran suke sa'ad da abin ke faruwa. Idan uwar ta yi yaji, yaro zai tashi ba mai haɗa masa koko, ya isa makaranta a makare, a tare shi da bulala a bakin ƙofa.

Za a ce tsakanin miji da mata sai Allah, kuma tona asirin gida ba tarbiyya ba ce. Na yarda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma asirin da ake cewa a rufe, yaron nan yana ɗauke da shi a ka zuwa makaranta kowace safiya, shi kaɗai, ba mai kama masa. Gaya wa malami guda mai riƙon amana bai zama tallar gida ba, matuƙar an tsaya kan abin da ya wajaba, an gaya wa wanda ya dace, kuma an faɗa da wuri. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne ruhin abin da aka gina a Ingila, kuma babu ɗaya cikinsu da ke bukatar kwamfuta ko kasafin kuɗi.

Saboda haka idan kai ne aka kira sulhu, ko ke ce gwaggon da yaran suka kwana a ɗakinki, kada aikin ya ƙare da shafa fatiha. Ku nemi malami ɗaya da kuka yarda da bakinsa, a boko ko a Islamiyya, ku ce masa: “Malam, yaron nan bai kwana da daɗi ba, a lallaɓa shi kwana biyu.” Ba sai kun faɗi wanda ya yi laifi ba. Ku kuma malamai, idan aka ba ku irin wannan amana, ku bar ta a cikinku, ku ajiye bulala, ku fara tambayar yaron ko ya karya.